Ku Tambaya Mu Amsa: Sallama da Legas Idan Tafiya Waje Ta Taso

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk daga Legas suka zo, kuma bakinsu ɗaya: biza ta fito, ranar tashi ta matso, ga ofis, ga unguwa, ga abokan arziki, an rasa ta inda za a fara sallama. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniya ne a wani kamfani a Ikeja, shekarata shida da su, ina zaune a Agege. Na sami aiki a Ƙatar, an ba ni mako bakwai in isa. Ban faɗa wa kowa a ofis ba tukuna. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya alheri. Kafin ka buɗe baki da kowa, lalubo takardar da aka ɗauke ka aiki da ita, ka duba wurin da aka yi maganar notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka notis ɗin kwana ɗaya zai bayar, daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar mako biyu, shekara biyar zuwa sama kuma wata ɗaya. Amma fa dokar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ta fi nufi. Injiniya irinka abin da ya sa wa hannu shi ke ɗaure shi, kuma akwai kamfanonin da ke rubuta wata uku. In naka haka yake, mako bakwai bai isa ba: ko dai ka biya albashin kwanakin da suka rage a madadin notis, ko ka nemi a cire maka daga hutun da kake bi, ko ka roƙi sassauci a rubuce. Sassaucin da aka yi maka da baki, ranar lissafi ba wanda zai tuna da shi.

Kada ka ajiye aiki sai bizar tana hannunka kuma ka sa hannu a kwantiragin can. Mutane da yawa sun ajiye aiki a kan alkawarin ejan, suka wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Wanda zai fara ji shi ne shugabanka na kai tsaye, ido da ido, a ofishinsa, ba ta waya ba. Bayan shi sai takarda zuwa ofishin kula da ma'aikata, sannan abokan aikin sashenka, daga ƙarshe mutanen waje da kake hulɗa da su. Dalilin wannan jeri ba wai ladabi kaɗai ba ne. Magana ba ta kwana a ofisoshin Legas, kuma ogan da ya ji labarin tafiyarka daga bakin direba shi ne dai zai sa hannu a takardar sallamarka, shi za a kira daga Doha, babban birnin Ƙatar, a tambayi halinka. Takardar ajiye aikin kada ta wuce layi huɗu: kwanan wata, ranar da za ka yi aikin ƙarshe, godiya. Ba nan ake amayar da abin da ke ciki ba. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe.

Inda aka fi yin sakaci shi ne miƙa aiki. Rubuta kowane aikin da ke hannunka daban: ina ya tsaya, me ya rage, wa ake kira a kansa, ina takardunsa suke, yaushe wa'adinsa, wane ɗan kwangila ke bin kuɗi kuma nawa. Ka zauna da wanda zai gaje ka aƙalla kwana biyu, shi ya riƙa yi kana kallo, don a nan ne abin da ka manta ba ka rubuta ba zai fito. Lambobin sirrin kamfani ta hannun masu kula da kwamfuta ake miƙa su, ba ta WhatsApp ba. Ka kwashe hotunanka da takardunka na kanka daga kwamfutar ofis, amma ko shafi ɗaya na kamfani kada ka ɗauka. Sannan ka tuna duk inda ka taɓa ba da imel ɗin ofis, banki ne, kamfanin fansho ne, ƙungiyar injiniyoyi ce, ka canja shi tun yanzu, domin ranar da ka fita ake rufe shi.

Albashin ƙarshe yakan maƙale ne a kan ƙananan abubuwa: katin shaida, makullin durowa, kuɗin tafiyar da ba ka kawo rasit ɗinsa ba, bashin ƙungiyar adashen ma'aikata. Ka karɓi fom ɗin sallama da wuri ka bi ofis-ofis, kada ka bar shi sai ranar Juma'ar ƙarshe, lokacin da akanta ya riga ya gudu saboda gosulo.

Abin da kai kuma za ka karɓa: takardar shaidar aiki a kan takarda mai tambarin kamfani, ɗauke da muƙaminka da ranar farawa da ranar gamawa da irin aikin da ka yi, takardun albashi na wata shida na ƙarshe, takardar shaidar biyan haraji daga hukumar haraji ta jihar Legas, LIRS, wadda ke nuna shekara uku da suka wuce. Sai bayanin asusun fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10. Ka bi wata-wata ka gani ko an zuba, saboda akan cire a albashi a ƙi kaiwa, kuma bin wannan daga ƙasar waje wahala ce. Asusun naka ne, yana nan ko ka tafi, sai dai ba a kwashe shi don mutum ya yi ƙaura. Wanda bai kai shekara 50 ba, abin da doka ta ba shi dama shi ne kashi 25 cikin ɗari, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Saboda haka kada ka sa kuɗin fansho a lissafin kuɗin jirgi.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Idi-Araba, zan koma Ingila. Abokan aikina Yarabawa ne da Ibo, ni kaɗai ce Bahaushiya, sun ce za su haɗa mini liyafa kuma sai na yi jawabi. Ban saba magana a taro ba. Kuma ina so ni ma in yi walima a gida.

Amsa: Hajiya, jawabin minti uku ya isa, kuma ki rubuta shi a ƙaramar takarda, don ko gwanar magana muryarta kan shaƙe a irin wannan rana. Ki fara da babba a wurin, ki kira muƙaminsa daidai. Yarabawa ba sa wasa da wannan, kamar yadda mu ma ba ma yi. Sai godiya, amma godiya mai suna: wadda ta koya miki aikin ɗakin haihuwa, wadda ta riƙa karɓar miki aikin dare a watan azumi. “Na gode wa kowa da kowa” ba ya zama a zuciyar kowa. Kada ki manta da masu shara da masu gadi da masu tura gadon marasa lafiya, su ne jawabai suka fi tsallakewa.

Daga nan sai abin da yake namu, neman yafiya. Ki ce zama da mutane sai da saɓani, duk wanda kika ɓata wa ya yafe miki, ke kin yafe wa kowa. Ba sai kin yi dogon bayani ba, za su gane. Amma in akwai wadda kuka yi faɗa na gaske, yafiyar taro ba ta wanke wannan. Ki same ta ita kaɗai kafin ranar.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki zagi ƙasar ko asibitin, wai kin tsira. Masu sauraronki gobe da safe nan za su dawo. Kuma kada daɗin tafi ya sa ki ce duk mai son tafiya ya neme ki. Alkawari kaya ne, kafin ki sauka saƙo ashirin na jiranki.

Walimar gida kuwa, ki yi ta saura mako ɗaya ko kwana goma, ba daren tafiya ba, don daren nan na awon akwati ne da iyali. Asabar ko Lahadi bayan La'asar ya fi, saboda wanda zai taso daga Ajah ko Ikorodu ranar aiki sai an watse zai iso. Na mutum 30, shinkafa kilo huɗu zuwa biyar ta wadatar in akwai waina ko tsire a gefe, kaji biyar a yanka kowace gida takwas, ruwan roba biyu-biyu. Ki ƙara kwano biyar zuwa goma na maƙwabta da na waɗanda za su zo da rakiya. Zoɓo ya fi kunun aya aminci, shi kunun aya in ba ƙanƙara awa kaɗan yake yi a zafin Legas ya yi tsami. In cefanen Mile 12 za ki yi, ki tuna kasuwannin Legas sukan yi shara da safiyar Alhamis, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe 10.

Tambaya: Wasu sun ce in ɓoye tafiyata sai na sauka, saboda baki. Wasu sun ce rashin mutunci ne. Wanne ne daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, kowanne da lokacinsa. Tun ana neman biza, shiru ya fi, kuma mutane kan kafa hujja da nasihar Annabi Yaƙub ga Annabi Yusuf cewa kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Amma da zarar tafiya ta tabbata, akwai waɗanda ɓoye musu zalunci ne: iyaye, iyali, wanda ke bin ka bashi, wanda ya ba ka ajiya, wanda kake yi wa aiki, da wanda abincinsa ke hannunka. Limamin unguwa da dattawan da suka karɓe ka lokacin da ka zo Legas baƙo, su kuma da ƙafa ake zuwa musu. Sauran jama'a ba dole ne su san ranar ko jirgin ba.

Tambaya: Ina sayar da kayan gwari, zan bi yayana zuwa ƙasar waje bayan Sallah. Ina cikin adashi na mutum goma sha biyu, na riga na ɗauka, saura zubi biyar. Akwai masu bi na, akwai waɗanda nake bi. Ɗakin da nake haya a Ketu kuma saura wata huɗu kuɗina ya ƙare.

Amsa: Alhaji, taka ce ta fi kowacce nauyi a cikin wasiƙun nan. Tunda ka ɗauki adashi, zubi biyar ɗin nan bashi ne tsantsa. Mafi tsafta ka biya su gaba ɗaya a hannun mai riƙe da adashin, gaban shaidu biyu, a rubuta. In ba hali, ka kawo wanda zai tsaya maka, ya amsa da bakinsa a gaban 'yan adashin, ba kai ka ce “ƙanena zai riƙa zubawa” alhali ƙanen bai sani ba. Adashi da yawa a nan suke mutuwa: wanda ya ɗauka da wuri ya yi nisa, na ƙarshen layi su tashi a tutar babu.

Ɗauki littafi ka raba shafi biyu, masu bin ka da waɗanda kake bi. Na farkon ka je ka same su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba za ka iya biya yanzu ba, ka gaya masa gaskiya, ku sa rana, ku rubuta, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a ji tafiyarka a bakin wani. Waɗanda kake bi kuwa, ka sani yawancin ƙananan basukan nan ba za su fito ba bayan ka tafi. Wanda za ka yafe ka yafe shi da bakinka mai shi ya ji, manyan kuma ka haɗa mai bashin da wakilinka fuska da fuska. Wakili ɗaya, kada ka yi biyu, in ba haka ba kowa zai ce ya ba ɗayan. In akwai fili ko rumfa ko mota a ciki, lauya ya rubuta takardar wakilci, a fayyace abin da wakilin zai iya yi da wanda ba zai iya ba, musamman sayarwa. Mota in ka sayar, a canja sunan mai ita a takardu kafin ka tashi, don duk abin da aka aikata da ita sunanka za a gani.

Batun ɗaki: in akwai yarjejeniya a rubuce, ita ake bi. In ba ta faɗi komai a kan notis ba, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta sa wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba, amma ta shafi Ketu. A aikace, masu gidaje da wuya su dawo da ragowar kuɗin haya. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ka kawo wanda zai shiga, da yardar mai gida, ya biya ka watannin da suka rage. Sa wani a ɗakin a ɓoye shi ke jawo a watso masa kaya waje. Ranar miƙa makulli ku zagaya ɗakin tare da mai gida ko ejan, ka ɗauki hotuna, ka biya kuɗin shara da na wuta. In mitar kati ce ka ɗauki hoton abin da ya rage, in ta bil ce ka karɓi rasit na ƙarshe, a nan ne ake cinye kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin shiga.

Tambaya: Ni direba ne. Maigidana baƙo ne daga Indiya, shekara huɗu ina tuƙa shi a Victoria Island, yanzu zai koma gida. Mutumin kirki ne. Me ya kamata in nema kafin ya tafi, kuma me zan ba shi?

Amsa: Malam, fara gano wa ya ɗauke ka aiki. In kamfani ne ke biyanka, tafiyarsa ba ta kashe aikinka ba, sai ka roƙe shi ya yi maganarka da ofis tun yana nan, a san wa za ka koma tuƙawa. In daga aljihunsa yake biyanka, aikin ya ƙare ranar da ya hau jirgi, don haka ku yi lissafi saura mako biyu: albashi, kuɗin ƙarin lokaci, da duk abin da ya taɓa yi maka alkawari. Ka nemi takardar shaida mai sa hannunsa, da shekarun da ka yi, da imel ɗinsa na kansa da lambar da za a same shi a can. Baƙin nan sun san juna, kalma ɗaya daga bakinsa ga wanda zai gaje shi ta fi yawon neman aiki na wata shida. In ya ba ka kyautar firji ko talabijin ko janareta, ya rubuta ya sa hannu, in ba haka ba masu gadin gidan ba za su bari ka fita da su ba, kuma wani kayan ma na kamfani ne ba nasa ba.

Kyautarka ta zama mara nauyi: hula zanna, ko ƙaramar jakar fata. Kada ka kai masa kilishi ko tsire sai ka tabbata yana cin nama, Indiyawa da yawa ba sa cin naman shanu, wasu ba sa cin nama sam.

Tambaya: Zan bar layin wayata da asusun bankina haka nan?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Layin da ya daɗe ba kira ba kati, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani, kuma layin nan shi ke haɗe da lambar shaidarki ta banki (BVN) da ta ɗan ƙasa (NIN), ta nan banki ke turo lambar sirri. Wanda ya sayi layin zai riƙa ganin saƙonnin bankinki, yana iya buɗe WhatsApp da lambarki ya roƙi 'yan'uwanki kuɗi. Ki sa a buɗe miki layin ya yi aiki a waje tun kina Legas, ki riƙa sa kati kina aika ko saƙo ɗaya lokaci-lokaci, ki kuma kunna makulli na biyu a WhatsApp, wato lambar sirrin da kike zaɓa da kanki. A banki ki sa imel ɗinki na kanki, ki duba ranar da katin cirar kuɗinki zai mutu, ki sabunta in ta kusa. Asusun da ya shekara ba motsi akan ɗauke shi a matsayin wanda ya yi barci, tayar da shi daga nesa kuwa sai an sha fama. Asusun da ba ki buƙata ki rufe shi da kanki.

Tambaya: Tun da aka ji zan tafi Amurka, saƙonni sun cika mini ɗaki: kilishi, yaji, magani, har da ƙunshin da aka ce kada in buɗe. Ga masu rakiya mota uku.

Amsa: Ƙunshin da aka ce kada ka buɗe, mayar wa mai shi yau, ko wane ne shi. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da jami'an can, “saƙo ne aka ba ni” ba ta taɓa fitar da kowa ba. Saƙon da za ka karɓa a buɗe shi a gabanka, kai ka sake ɗaure shi da hannunka. Maganin wani kada ka ɗauka. Naka ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, haka Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai. Ku cinye shi a walima. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa sun fi sauƙin wucewa, amma ka bayyana duk abincin da kake ɗauke da shi in an tambaya; wanda ya bayyana, iyaka a karɓe, wanda ya ɓoye shi ake ci tara. Kuɗin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan, a nan da can. Jiragen da ke wannan hanya sukan ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, amma ka duba tikitinka, ka auna a gida, don kada ka tsuguna a tsakiyar filin jirgi kana fitar da atamfar mutane.

Masu rakiya kuwa, a filin jirgin Murtala Muhammed bakin ƙofa za su tsaya, kuma ba a barin mota ta daɗe a wurin sauke fasinja. Ku yi sallamar a gida, a zaune, a yi addu'a. Wanda ake bari shi ke cewa matafiyi “Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika”, wato na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka. Mota ɗaya ta kai ka, da mutum biyu masu taya ka da kaya. Ka yi nufin isa awa huɗu kafin tashi, in kuma daga tsibiri za ka taso da yamma, ƙara awa biyu saboda gadar Third Mainland da Oshodi. Fasfo da tikiti da takardun makaranta da na aiki su zauna a jakar hannu, kuma wanda ya kai ka kada ya yi nisa da Ikeja sai ka kira shi ka ce ka wuce jami'an shige da fice.